Ramin Ƙasan Burodi

Alhaji Namadi na Ƙaura Namoda mutum ne da ba ya iya mallakar abu shiru. In ya sayi agogo sai unguwa ta san ƙarfe nawa, in ya ɗinka riga sai ya zaga kasuwa sau biyu. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a sabuwar jihar Zamfara ya je Makka, kuma yayin da sauran alhazai ke sauka da dabino da tazbaha da dardumai, shi sai ya sauko da injin gasa burodi, fari, mai murfi da 'yar tagar gilashi, girmansa bai wuce tulun ruwa ba. Ya ɗora shi bisa tebur a falonsa na baƙi, ya rufa masa ƙyalle mai ado, ya hana kowa taɓawa.

Injin kuwa bai san Alhaji ba ne, bai kuma damu da cewa ya je Makka ba. Burodin farko ya fito kamar tubalin gini, akuya ta shinshina ta wuce. Na biyu ya tashi, ya tashi, Alhaji ya kasa haƙuri ya ɗaga murfi don ya gani da kyau, burodin ya zauna bai ƙara motsi ba. Akwai kuma ranar da aka ɗauke wuta injin na tsakiyar aiki, kwaɓin ya wuni a ciki cikin zafi, da yamma falon ya ɗauki wani wari mai tsami da ke hawa kai. Alhaji da hannunsa ya kwashe kwaɓin ya zuba a masai, ya turara falon, ya ja wa matarsa Kulsumu kunne kada maganar ta fita. Ku riƙe wannan ranar, domin shi ma ya riƙe ta, ko da yake daga baya ya yi kamar bai taɓa ganinta ba.

Ana cikin haka ƙanwarsa Sa'ida ta dawo gida.

Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, aka yi masa canji zuwa kudu, ya tafi ya bar mata saki da jaririya a baya. Da aka yaye yarinyar Namadi ya karɓe ta, don shi da Kulsumu maza kawai Allah ya ba su. Ita kuwa uwar ya yi ta gasa mata magana a kan kowace loma har zaman ya gagara, ta fita. Inda ƙafa ta kai ta shi ne bayan tashar jirgi, gidan wata mata mai dafa burukutu. Sa'ida ba ta taɓa kai shi baki ba, amma ita ke jiƙa dawa, ita ke shanya tsiro, ita ke tsayawa kan manyan tukwane tana juyawa, shekara da shekaru, har hancinta ya zama ma'auni. Daga bakin ƙofa takan san tukunyar da ta nuna da wadda ta wuce. Da shari'a ta zo aka rufe gidajen, matar ta loda tukwanenta a mota ta bar jihar, Sa'ida ta wayi gari ba ta da ko tabarma. Ta yi wanka, ta sa hijabin aro, ta je ta durƙusa a zauren yayanta.

Ta zo a kan gaɓa. Lokacin ana shirin kafa kwamitin unguwa mai sa ido kan tarbiyya, Namadi kuwa ya ƙwallafa rai a kan shugabancinsa, kuma mutumin da ya karɓi tubabbiya labari ne mai daɗin faɗa a majalisa.

"Na karɓe ki don Allah," in ji shi, da ƙarfi yadda na waje za su ji. Sannan ya rage murya. "Ɗakin baya, kusa ga awaki. Ba ki hita, ba a zo maki. Ɗiyar ga kuwa ni na ubanta, Kulsumu ta uwatta, ke Gwaggo. Ran da kinka buɗe baki, ko nij ji ƙamshin tsohuwar sana'arki cikin gidan ga, Katuru za ki, wurin Inna Zulai, ba ki ƙara sa ta ga ido. Kin jiya?"

"Na jiya, Yaya."

Abin da ya dawo da ita ke nan, yarinyar, ba tuwon Namadi ba. 'Yar tata, Hindu, ta kai shekara goma sha ɗaya, doguwa, mai wushirya irin ta uwar, ga son karatun Islamiyya da tsoron zunubi fiye da shekarunta. Sa'ida ba ta nemi a ce ita ta haife ta ba. Ko babu sharaɗin Namadi, 'yar fari ce, kunya ba za ta bar ta ta kama sunanta ba, balle ta ja ta jiki. Burinta kawai ta riƙa jin motsinta a tsakar gida, ta gan ta ta dawo daga makaranta ta watsar da takalma. "Ke yarinya" shi ne iyakar abin da ke shiga tsakaninsu, kuma wannan ɗin ya ishe ta rayuwa.

Wata safiya tana sharar falo ta ɗauki gwangwanin yis da Alhaji ya bari a buɗe bisa taga, rana na dukansa. Ta kai hanci, ta ajiye.

"Wanga ya mutu," ta faɗa wa tsintsiyarta, amma Alhaji ya ji.

Ya zage ta tukuna, don ya rage zafi. Washegari sai ga sabon gwangwani, ya ce ta gwada, in ta ɓata masa fulawa ta san sauran.

Ba ta ɓata ba. Takan fara gwada yis ɗin, ɗan kaɗan a ruwa mai ɗumin wankan jariri da ɗan sukari, ta rufe. In ya yi kumfa yana da rai, in ya kwanta shiru sai a zubar. Ruwa ke fara shiga tukunyar injin, sai mai, sai fulawar da ta tankaɗe, ta yi wa yis ɗan gurbi a sama, gishiri kuwa can kusurwa, kada su haɗu ya kashe shi tun bai fara aiki ba. Lokacin da 'yar muciyar ƙarfen da ke ƙasan tukunyar ke juya kwaɓin, nan kaɗai take ɗaga murfi ta taɓa da yatsa. In ya manne ta ƙara gari, in ya yi tauri ta ɗiga ruwa, har sai ya yi laushin fatar kunne. Daga nan murfi ya rufu ke nan, ko wa ya zo ba a buɗewa. Da bazara ta shigo ta rage yis ta koma ɗibar ruwa daga randa, don kwaɓi a lokacin zafi gaggawa gare shi. Gwangwanin kuwa ta ɗaure bakinsa da leda ta tura shi cikin yashin da ke ƙarƙashin randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan. Ta kuma lura an fi barin wuta da sassafe, saboda haka daga sallar asuba take zubawa, kafin hantsi an gama. Yana fitowa take juye shi daga tukunya kada ya yi gumi, ba kuma a sa masa wuƙa sai ya sha iska.

Burodi ya riƙa fitowa dogo, mai kusurwa huɗu, bayansa ja, cikinsa fari sol mai laushi. Bayan la'asar falon Alhaji ya koma cika da mutane, ana shan shayi ana yaga ana jinjina kai.

"Inji ka yin komi," yakan ce, yana shafa murfin. "Hannun mutum bai taɓa shi ba. In danna nan kawai."

Dannawar kam shi ke yi, wannan gaskiya ce. Ba ya barin Sa'ida ta taɓa maɓallin, ba ya kuma barin ta ita kaɗai a falon da kayansa. Babu wanda ya san hannun wa yake ci. A cikin gida kuwa, in ya ga burodi ya yi kyau ƙwarai, sai ya dubi Kulsumu ya ce, "Ashe dai makarantar bayan tasha ta yi rana." Sa'ida takan sunkuyar da kai. Ya san inda ke yi mata ciwo, kuma ba ya bari rana ta faɗi bai taɓa wurin ba. Ita da ta yi burodin ba ta da yanki a cikinsa.

Sai dai akwai yanki ɗaya da ba a kai wa baƙi. 'Yar muciyar nan takan bar rami a ƙasan kowane burodi, Alhaji kuwa ya tsani ramin, gani yake yana zubar wa injinsa da mutunci. Ya ce a riƙa yanke ƙasan a watsa wa kaji. Sa'ida ba ta watsa ba. Takan cika ramin da man shanu tun da sauran ɗumi, in an dace da zuma ta ɗiga, ta rufe da faifai ta ajiye a gindin turmi, daidai inda Hindu ke jingine allonta. Ba ta taɓa cewa ga naki ba. Yarinyar takan ɗaga faifan, ta waiga ta ga Gwaggo ta ba da baya tana wanke-wanke, ta cinye tana lasar yatsu.

Wata rana Hindu ta ce, "Gwaggo, mi ya sa ni kaɗai kika ba? Ga su Yaya."

"Ke yarinya, ci ki ba mutane wuri."

Ranar Sa'ida ta wuni tana murmushi, ita da awaki.

Sai zaɓen shugaban kwamiti ya matso. Namadi ya shirya liyafa. Zai je Zurmi da motarsa ya ɗauko Malam Zubairu, dattijon malami da maganarsa ke da nauyi a yankin, ya haɗa shi da manyan unguwa, har da Sule, wanda shi ma ke neman kujerar. So yake burodin ya fito a gabansu, su ga abin da idonsu. Ya ce a zuba da rana tsaka, ya gama daidai dawowarsu.

"Yaya, wutar rana ba ta da amana," in ji Sa'ida. "A bari in yi da asuba in naɗe shi ga tawul."

"Ke za ki gwada mani injina? Gabansu ni ka so shi hito, shina tururi."

Ta zuba. Ya tsaya a kanta har aka gama juyi, ya kore ta waje, ya datse falon da kwaɗo, ya jefa makulli aljihu ya tafi. Ƙurar motarsa ba ta gama kwanciya ba fankar rumfa ta yi juyi biyu ta tsaya.

Sa'ida ta ruga wurin Kulsumu. "Makullin hwalo."

"Wallahi ba ni da shi. Kin san halin yayanki."

"A ɓalle kwaɗon. In kwashe kwaɓin in soya hwanke da shi, in wuta ta dawo in kwaɓa wani."

"In ɓalle kwaɗon Alhaji? Ke Sa'ida, ruhwa mani asiri."

Kulsumu ba muguwa ba ce, matsoraciya ce, amma a gidan Namadi bambancin ba shi da yawa. Ta shige ɗaka ta ja labule.

Sa'ida ta koma ta tsaya a bayan tagar falon, rana na dukan kwanon rufin har yana ƙara. Ba ta ganin komai, hancinta ke ba ta labari. Da farko ƙamshi ne mai zaƙi, na kwaɓin da ya tashi yana jiran wuta. Aka yi azahar, zaƙin ya tafi, tsami ya shigo. Ta yi salla ta roƙi Allah wuta, abin da ba ta taɓa zaton za ta roƙa a sujada ba. Wuta ba ta zo ba. Kafin la'asar warin da ke fitowa ta tsagar taga ya zama wanda ta sani fiye da kowa a garin nan, wanda ta yi wanka ta baro a bayan tasha. Ta zauna a ƙasa. Tsoro ne ya kama ta, tsoro sosai.

Sai da rana ta yi sanyi motar ta tsaya. Daga bayan bango tana jin Alhaji yana ta surutu, yana karkaɗa makulli, yana cewa Malam shi fara shiga. Ƙofa ta buɗe, surutun ya yanke. Kwaɓin ya ture murfi, ya gangaro ta gefen injin ya malale bisa ƙyallen ado, yana kumfa yana fashewa a hankali, falon kuwa ko numfashi ba a iya yi.

Sule ne ya fara magana, hannu a hanci. "Alhaji, wanga shi munka daɗe muna ci?" Ya dubi sauran. "Warin ga kam, duk wanda hanya tab bi da shi ta bayan tasha ya san shi. Af, ba ƙanwakka na gidan ga ba?"

"Ku dakata," in ji Malam Zubairu. "Tsami daban, maye daban. Ko ƙullun koko in ya wuni ga rana shina yin haka. Alhaji, hala wuta anka ɗauke?"

Ga ƙofa nan malam ya buɗe masa, faffaɗa, ba abin da ya rage sai ya ce e. Amma Namadi ba malam yake kallo ba, fuskar Sule yake kallo, yana jin yadda labarin zai zaga kasuwa gobe, cewa Alhaji ya je Makka ya sayo tukunyar giya. A cikin wannan kallon kuma wani tunani ya zo masa, mai sanyi, cewa mutumin da bai ɗaga wa ƙanwarsa ƙafa ba, wa zai hana shi kujera?

"Injin ga daga ƙasa mai tsarki yah hito," in ji shi. "Bai taɓa yin haka ba. Hannu anka sa mai. Don tausai nib bari tana zuba mani gari. Sa'ida!"

Ta zo ta durƙusa a bayan labulen ƙofar da ke shiga cikin gida. "Yaya, wuta ta. Ka sani. Kulsumu ta hwaɗa mani ya taɓa yin haka tun ban zo ba."

"Kulsumu! Ya taɓa?"

 Can daga ɗaka murya ta fito, siririya. "Ni ban sani ba, Alhaji."

Daidai lokacin Hindu ta shigo daga Islamiyya, allo a hannu. Namadi ya yafito ta da fara'a. "Zo nan, ɗiyata. Ke ba ki ƙarya. Hwaɗa ma su Malam, mi Gwaggonki ka yi in za ta zuba gari?"

Yarinyar ta ɗauka yabon Gwaggo ake so, ta gyara tsayuwa. "Tana da wani gwangwani da tab binne ƙarƙashin randa. Tana jiƙa abin ga ruwan ɗumi, ta ruhe, in ya yi kumhwa ta shinshina, sannan ta zuba."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma babu abin da ya fi irin wannan gaskiyar kashe mutum.

"Binnewa!" in ji Sule. "Inna lillahi."

Aka tono gwangwanin. Malam Zubairu ya juya shi a hannu ya ce yis ne irin na kanti, wanda kowane gidan burodi ke aiki da shi, amma an riga an wuce wurin, kowa na magana, ba mai sauraro. Namadi ya dafa kan yarinyar.

"Ke ma ta ba ki?"

"Kullum. Ni kaɗai." Sai ta ga yadda mazan suka dubi juna, fara'arta ta gushe. "Baba, mi na?"

"Giya ta, ɗiyata," in ji Sule, da muryar tausayi.

Allon ya faɗi. Hindu ta toshe baki ta ratsa labule a guje, rigarta ta shafi kafaɗar Sa'ida, ta wuce zuwa rariya. Sa'ida na durƙushe tana jin 'yarta na kakarin amai, tana ƙoƙarin fitar da duk abin da ta taɓa ba ta. Ba ta iya tashi ba, ba ta kuma da ikon tashin.

"Alhaji," in ji Malam Zubairu, "shari'a ba ta kama mutum da zato."

"Ba kotu za ni kai ta ba, Malam. Gidana za ni tsarkakewa."

Maganar ta burge mutane ƙwarai. Malam ya saka takalmansa ya nemi motar haya zuwa Zurmi ba tare da ya sha shayin ba, amma wannan bai hana komai ba. Mako bai zagayo ba aka naɗa Namadi shugaban kwamiti.

Sa'ida kuwa tun washegari da safe aka ɗaure mata ƙunshinta. Ta tsaya a tsakar gida gaban ɗakin da yarinyar ta kulle kanta. Sunan yana nan a kan harshenta, sunan da ba ta taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa shi, ta ji kamar in ta faɗe shi sau ɗaya ƙofar za ta buɗe. Namadi na tsaye a bakin zaure yana kallon agogonsa.

"Ke yarinya," ta ce. "Na tahi."

Ƙofar ba ta buɗe ba. Aka sa ta a motar Shinkafi, daga can ta ƙarasa Katuru a bayan akori-kura, tsakanin buhuna.

Damina ta sauka, gero ya kai gwiwa. Sa'ida na zaune da Inna Zulai, ƙanwar mahaifiyarsu, tsohuwar da ido ya tafi ya bar mata baki, tana yi mata daka da ɗibar ruwa. Wata rana da hantsi tana surfe sai ga sallama, sai ga Kulsumu da sabulu da ƙullin sukari, tana ta sunne kai. Aka gaisa, aka sha ruwa, aka tambayi hanya. Sai da tsohuwa ta shiga ɗaka Kulsumu ta faɗi abin da ya kawo ta. Alhaji yanzu baƙi sun ninka. Ya sa an wanke injin a gaban mutane, ya ce an tsarkake shi, amma tun daga ranar tubali yake fitarwa. Shi ne ya aiko a tambayo yadda ake yi.

Sa'ida ta yi dariya, wata irin dariya da ta sa Kulsumu ta matsa baya. Ta buɗe baki za ta ce a gaya masa ya danna maɓalli, tunda inji ke yin komai. Sai ta tuna faifan nan a gindin turmi. In burodin ya yi kyau, akwai wadda za ta ci ƙasansa.

Ta jingine taɓarya ta zauna. Ta faɗi komai, ba ta rage ba: ɗumin ruwa, gwajin kumfa, laushin fatar kunne, murfin da ba a buɗewa, yashin ƙarƙashin randa, wutar asuba. Kulsumu na maimaitawa a bayanta kamar mai biya karatu.

"Sai abu guda," in ji Sa'ida, tana kallon turmi. "Ramin ƙasan. Kada a ba kaji. A sa man shanu da sauran ɗumi, a aje ma yarinyar. Ba sai an ce daga ni ba."

Kulsumu ta murza bakin mayafinta.

"Ba ta ci," ta ce. "Tun ran nan ko ƙamshinai ba ta so. Ta jiya ga makaranta wanda yas sha giya ba a karɓar sallatai kwana arba'in. Shi na tal lissaho tun daga ran da kinka hwara ba ta, tana ta ramuwa. In kin gan ta ba ki gane ta, duk ta zube."

"Ba ku hwaɗa mata gaskiya ba? Kulsumu, ke kin sani."

"In mun hwaɗa mata, mi za mu ce game da Alhaji?"

Wata kaza ta zo tana tsattsagar tsabar da ta zuba, ba wanda ya kore ta.

"Ta ba ni saƙo," in ji Kulsumu. "Da taj ji nan za ni. Tac ce in tambaye ki, ga yara cike da gida, mi tay yi maki kinka zaɓe ta?"

Amsar na nan, gajeriya, ta daɗe a shirye. Sa'ida ta ɗago kai za ta faɗe ta. Kulsumu ta gani a idonta, ta kama hannunta da sauri.

"Kada ki, Sa'ida. Yanzu ɗiyar shugaban kwamiti ta. In maganar ga ta hita, ɗiyar mai giya za ta koma, har ta tsuhwa. Wa za shi aure ta? Ita kanta ƙaƙa za ta ji?"

Sa'ida ta daɗe tana kallon hannun da ke riƙe da nata. Ta zare shi a hankali.

"Ki ce mata ba ta yi mani komi ba," ta ce. "Ki ce halina na. Ki ce wanda bai sani ba Allah bai kama shi, ta bar ramuwa, ta ci abinci."

Kulsumu ta share ido ta miƙe, don motar Shinkafi ba ta jiran kowa. Ta yi wa tsohuwa sallama daga bakin ƙofa, ta kai har dangar gidan, sai ta tsaya ta waigo, kunya duk ta rufe ta.

"Gishirin, kin ce kahin gari ko bayan gari?"

"Bayan gari," in ji Sa'ida. "Can kusurwa, nesa da yis."

Ta ɗauki taɓarya ta ci gaba da surfen.